Amsar Da Na Kasa Ba Uwar Maraya



Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya tashi yana maraya Ubangijinsa Ya ba shi makoma, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa, ya ke 'yar'uwa da ke bibiyar wannan zaure, yau zan dakatar da darasinmu na ƙabli da ba'adi. Akwai wani wajibi da muka yi wa rafkanuwa, kuma shi sujada biyu ba ta gyara shi. Saƙon yana da tsawo. Ka samu wuri ka zauna, ka karanta shi har ƙarshe kafin ka tura wa wani, kuma kafin ka yi fushi da ni.

Kwanakin baya, bayan sallar asuba, na tarar da wata mata tsaye nesa da ƙofar masallaci tana jiran jama'a su watse. Mijinta ya rasu shekara 2 da suka wuce, ya bar mata 'ya'ya 5, da wankau da surfe take riƙe su. Na biyunsu ɗan shekara 8 ne, kuma Allah Ya ba shi kai. Wata makarantar mishan ta ce za ta ɗauke shi kyauta, da littattafansa da tufafinsa da abincin rana. Ta ce mini, "Malam, in kai shi ko kar in kai shi?"

Na buɗe baki zan ce kar ki kai shi, sai ta riga ni. Ta ce, "Allah gafarta Malam, in ban kai shi can ba, ina zan kai shi? Ku kuna da inda za ku karɓe shi?"

Sama da shekara 20 ina limanci. An tambaye ni rabon gado mai sarƙaƙiya na warware, an tambaye ni saki da kome na ba da amsa. Ran nan na tsaya shiru a ƙofar masallacina, domin ba mu da inda za mu karɓe shi.

*Abin da suke yi*

Na ba wani ɗalibina labarin, wanda ya yi karatun Ingilishi a jami'ar Yamai. Ya ce, "Malam, wannan da ka gani makarantar mishan ce irin wadda muka saba da ita. Akwai wani tsari da ya fi wannan zurfi." Ya zauna yana karanta mini yana fassarawa. Suna kiransa karatun Kirista na kilasik, wato irin na magabatansu. Ga shi a taƙaice, domin mutum ba ya yin hukunci a kan abin da bai sani ba.

Turawan da, tun zamanin Girkawa da Rumawa har zuwa makarantun coci na ƙarnonin tsakiya, sun gina karatunsu a kan fannoni 7. Uku na farko su ne nahawu da manɗiƙi da balaga. Huɗun da ke biye su ne lissafi da handasa da ilimin sautin kiɗa da ilimin taurari. Da makarantun zamani suka zo sai aka watsar da wannan jeri. A 1947 wata marubuciya 'yar Ingila mai suna Dorothy Sayers ta yi lacca a Oxford tana kukan cewa ana cika kawunan yara da darussa barkatai, ba a koya musu yadda ake koyo ba. Ta ce a koma ga ukun farko, a daidaita su da shekarun yaro. Ƙaramin yaro yana jin daɗin hadda kamar aku, to a ba shi nahawu da hadda. Idan ya fara musu da gardama, a ba shi manɗiƙi domin gardamarsa ta samu linzami. Idan ya fara zama saurayi mai son a ji muryarsa, a ba shi balaga.

A 1981 wasu Kiristoci a jihar Idaho ta Amurka suka buɗe makaranta mai suna Logos a kan wannan shawara. A 1991 ɗaya daga cikinsu, Douglas Wilson, ya rubuta littafi yana tallata tsarin, kuma yau irin waɗannan makarantu sun kai ɗaruruwa a Amurka. Yaro yana koyon Latin, yana hardace sassan Baibul, yana karanta Aflatun da Aristo da Agustin, ana horar da shi ya tashi gaban jama'a ya kare ra'ayinsa da hujja.

Daga nan suka ɗauko shi zuwa ƙasashen talakawa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne gidauniyar Rafiki, wadda wata mata mai suna Rosemary Jensen ta kafa a 1985, hedkwatarta tana jihar Florida. Sunan na Sawahili ne, asalinsa kalmar Larabci rafiƙ, wato aboki. Tana da ƙauyuka 10 a ƙasashen Afirka 10, ciki har da Gana da Laberiya da Habasha da Kenya da Uganda da Malawi, da Najeriya a yankin Jos. An kafa ƙauyukan da gidajen marayu, kowane gida da matar da ke riƙon yaran kamar uwa. Akwai makaranta, akwai karatun Baibul kullum, akwai kuma horar da malaman da za su fita su koyar a wasu makarantu.

Ka lura da abu ɗaya. Sun ɗauki karatun da a da 'ya'yan sarakuna da manyan limaman coci ne ke samunsa, suka kai wa yaron da ba shi da uba ba shi da takalmi. Sun ce maraya ma ya cancanci Aristo. Ka riƙe wannan, zan dawo gare shi.

*Ga mai cewa boko ne kawai*

Akwai wanda zai ce, "Malam, ai karatu karatu ne. Yaro ya je ya ɗauki lissafi da Faransanci ya bar musu addininsu." Wannan bai san tarbiyya ba. Su kansu masu wannan tsari ba su ɓoye manufarsu ba, a rubuce take: suna son yaro wanda tunaninsa duka ya tsayu a kan Baibul, ya kalli tarihi da lissafi da halitta ta wannan taga. Ban zarge su da yaudara ba, sun faɗi abin da suke so a fili. Mu ne muke yaudarar kanmu idan muka ce za mu miƙa yaro ɗan shekara 6 ga wanda zai ciyar da shi, ya tufatar da shi, ya rarrashe shi in ya yi kuka, ya yi addu'a tare da shi safe da yamma shekara 12, sannan mu sa ran zuciyarsa za ta zauna inda muka bar ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu cewa kowane yaro a kan fiɗira ake haifarsa, iyayensa ne ke karkata shi zuwa wani addini. Allah kuma a cikin Suratut Tahrim Ya umurce mu da tsare kawunanmu da iyalanmu daga wuta. Wannan umurni bai keɓe talaka ba.

Za a kawo mini hujjar fursunonin Badar, waɗanda aka sa kowane ɗayansu ya koya wa yaran Madina 10 rubutu a matsayin fansar kansa, alhali suna mushirikai. Gaskiya ne, kuma yana nuna ana karɓar ilimi daga wanda ba Musulmi ba. Amma yaran nan a Madina suke, da dare a ɗakin iyayensu suke kwana, abincin gidansu suke ci, a bayan Annabi suke salla. Rubutu aka karɓa daga fursunonin. Reno yana hannun iyaye.

*Ga mai ihu da jifa*

Akwai kuma wanda da ya ji an ambaci mishan sai jijiyar wuyansa ta tashi. Da kai ma ina da magana, kuma ta fi zafi. Mun ga abin da ya faru a Damagaram ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, da Yamai washegari, lokacin da aka fito don nuna fushi kan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa. An ƙone coci-coci gommai, an ƙone makarantu, rayuka kusan 10 sun salwanta. Waɗanda aka ƙone wa dukiya ba su ne suka yi zanen ba. Maƙwabtanmu ne, da yawansu Hausawa ne irinmu, kasuwa ɗaya muke ci, rijiya ɗaya muke sha. Wannan zalunci ne, kuma addininmu ya barranta daga gare shi. Suratul Mumtahana ta yi mana izinin kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba. Annabi (SAW) ya karɓi tawagar Kiristocin Najran a Madina ya yi muhawara da su da hujja, Sayyidina Umar kuma ya ba mutanen Ƙudus amana a kan rayukansu da majami'unsu. Kirista yana da haƙƙin koyar da ɗansa addininsa kamar yadda kake da shi.

Ina tambayarka, da wutar ta mutu hayaƙi ya lafa, marayu nawa suka samu kwanon tuwo saboda ita? Yara nawa suka koyi baƙi? Fushi abu ne mai arha, ashana ɗaya ta ishe shi. Riƙon yaro ɗaya shekara 12 shi ne mai tsada, kuma shi ne muke gudu.

Ka dubi tarihi. Mishan ɗin SIM sun sauka Damagaram a 1924. A 1950 suka buɗe asibitin Galmi, wanda har yau mutanen Tawa da Ƙwanni da Madawa, har da na ƙetaren iyaka, suke kai marasa lafiyarsu. Kusa da Galmi ɗin nan Maratta take, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Mutane sun baro ƙasarsu suka zo mahaifar Shehu suka zauna cikin zafi da ƙura shekara sama da 70 suna jinyar talakawanmu. Mu da muke alfahari da Shehu, me muka gina a wurin? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

*Kayanmu ne muka yar*

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Lokacin da ɗalibina yake karanta mini nahawu, manɗiƙi, balaga, sai na ji kamar yana karanta mini jerin littattafan da na durƙusa a gabansu a zauren malamina.

Wane ne a cikinmu bai fara da Ahalari ba? Mawallafinsa, Shaihu Abdurrahman Al-Akhdari, mutumin yankin Biskra ne a Aljeriya ta yau, ya rayu a ƙarni na 10 na Hijira. Mu mun san shi da tsarki da salla kawai. Amma shi ne ya rubuta Sullamul Munauraƙ a manɗiƙi, baitoci da ba su kai 150 ba, a shekara ta 941 ta Hijira, yana ɗan shekara 21. Shi ne ya rubuta Jauharul Maknun a balaga. Shi ne ya rubuta Durratul Baida a lissafi da rabon gado, kuma yana da Siraj a ilimin taurari. Mutum ɗaya, malamin da sunansa ke bakin kowane almajiri, ya tanadar mana mafi yawan fannonin nan da ake tallata wa duniya yau. Nahawu kuwa ga Ajrumiya ta Ibn Ajurrum mutumin Fas, ga Alfiya ta Ibn Malik mai baitoci kusan 1000. Jerin ma iri ɗaya ne: yaro ya fara da hadda a kan allo, ya hau ƙa'idar harshe, ya hau awon hujja, ya ƙare da iya magana.

Wannan kamanni yana da dalili. Musulmi sun fassara littattafan Girkawa a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, kuma adalci ne mu faɗi cewa manyan masu fassarar da yawansu Kiristoci ne, kamar Hunain ɗan Ishaƙ. Farabi da Ibn Sina da Ibn Rushd suka yi musu sharhi. A ƙarni na 12 na Miladiyya aka juya da yawa daga cikinsu daga Larabci zuwa Latin a birnin Ɗulaiɗila na Andalus, suka shiga jami'o'in Turai. Ilimi ya daɗe yana kai da komo tsakaninmu da su.

A ƙasarmu ma haka abin yake. Shaihu Magili, wanda ya zauna a Takadda da ƙasar Abzin da Kano da Katsina, ya kare manɗiƙi a musayar baitoci da Imam Suyuɗi wanda ya hana shi. Shehu Usmanu ya bi Malam Jibrila ɗan Umaru har Agadas don neman ilimi. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta Bahrul Muhiɗ a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu kafin ka zo ga tafsirinsa Liya'ut Ta'awil. Shehu a Nurul Albab ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna koyar da ɗalibai a zaure. 'Yarsa Nana Asma'u ta naɗa jajis ta tura su ƙauyuka suna kai wa mata karatu. Ko Risala da muke ɗauka littafin manya, Ibn Abi Zaid ya rubuta ta ne saboda malamin yara ya roƙe shi abin da zai koya wa yara.

Na san wani zai ce manɗiƙi haramun ne. Saɓani ne sananne, kuma Al-Akhdari da kansa ya kawo shi. Ibn Salah da Nawawi sun hana, wasu sun ce ya kamata a koya, shi kuma ya rinjayar da halacci ga mai lafiyayyen hankali wanda ya ƙoshi da Alƙur'ani da Sunna. Ko ka bi masu hanawa, me ya hana ka nahawu? Me ya hana ka balaga da lissafi? Yau yaronmu yana ɗauke da salula, shubuha tana shigo masa har kan tabarmarsa. Ranar da ya haɗu da tsaransa wanda aka horar shekara 12 kan yadda ake kafa hujja da rushe ta, da me zai amsa? Da zagi?

*Inda 'ya'yanmu suke*

Ka fita bayan azahar ka duba tasha da bakin kasuwa da ƙofar masu abinci. Yaro ɗan shekara 7 da roba a wuya, ƙafa ba takalmi, kai duk ƙyasbi, ubansa yana can nisan kwana guda ya sallama shi ga malamin da shi kansa ba shi da abin da zai ci. Yinin yaron duka yana tafiya a neman loma, karatun sa'a biyu ne in ya samu. Bayan shekara 10 wani zai sauke, da yawa ba za su sauke ba, kuma mafi yawa ba su san ma'anar Fatiha ba.

A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwaki 92 a hamada arewa da Arlit, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya. Fiye da rabinsu yara ne, kuma da yawa daga ƙasar Kance suka fito. Ƙasar da Ahalari ya fito, wadda ta aiko mana da manɗiƙi da balaga, can muke tura 'ya'yanmu bara. A 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana a Yamai cikin Afrilu, ta sake tashi a Maraɗi cikin Nuwamba, yara sama da 40 suka ƙone a lakwal saboda ba su da ajin bulo. A garuruwan nan biyu akwai masallatai masu tayil da fanka da hasumiya, wasu ma tsakaninsu bai wuce jifa da dutse ba.

Wani zai ce almajirci gadonmu ne, yana koya wa yaro tawali'u. Almajircin da muka gada, gari ne ke riƙe da almajiri, kowane gida ya san yaron da zai zo ɗaukar kwanonsa, malam yana da gona, sarki yana aiko da zakka. Wancan ya rushe, sunan kawai ya saura. Yunwa ba ta koya tawali'u, abin da take koyarwa ka san shi. Wani kuma zai ce aikin gwamnati ne. Gwamnati tana da nata nauyin kuma za a tambaye ta. Amma Suratul Ma'un da ta siffanta mai ƙaryata sakamako da tunkuɗe maraya da ƙin kwaɗaitarwa ga ciyar da miskini, ba ma'aikatar ilimi aka saukar wa ita ba. Ni da kai muke karanta ta a salla.

*Wajibin kowa*

Kai uba. A mazhabarmu ta Malikiyya ciyar da ɗanka namiji yana wuyanka har ya balaga yana iya nema, ɗiya mace kuma har ta tare a ɗakin mijinta. Tura yaro wani gari ba ya sauke wannan nauyi. In ka kai shi karatu, ka kai shi da hatsinsa da sabulunsa, ka riƙa zuwa kana ganinsa. In ba za ka iya ba, ka bar shi a gabanka ya yi allo da asuba ya tafi lakwal da hantsi.

Kai malam ɗan'uwana, da kaina nake farawa. Kar ka karɓi yaron da ba ka san inda zai ci ba. Kar mu tsaya ga hadda. Mu dawo da Ajrumiya ga 'yan shekara 10, mu fassara musu abin da suke karantawa da Hausa, mu bar su su yi tambaya ba tare da bulala ta amsa ba. Mu nemi mushen lakwal na unguwa ya zo ya koya musu lissafi da Faransanci. Zaidu ɗan Sabit da umurnin Annabi ya koyi rubutun Yahudawa. Haɗa karatun biyu ba sabon abu ba ne a Nijar, madarsar Sayi tun 1957 take.

Kai alhaji mai hali. Hajjin farilla sau ɗaya ne. Miliyoyin sefa da za ka kashe a tafiya ta biyar za su riƙe aji guda na marayu shekara cur. Kula da maraya da ilmantar da 'ya'yan Musulmi farilla ce ta kifaya, in ba wanda ya tsaya mata kowa yana da laifi, kuma nafila ba ta gabatar farilla. Annabi (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu ya nuna kusancinsa da mai riƙon maraya a Aljanna. Ka san kuma hukunci: zakka a wurin malamanmu ana mallaka ta ne ga mabuƙaci, ba a gina aji da ita. Don haka zakkarka ka ba uwar marayu a hannunta. Gini da albashin malamai kuwa aikin sadaka da waƙafi ne. Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Khaibar waƙafi, Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi, Fatima Al-Fihriyya ta gina Ƙarawiyyin a Fas a 859 da dukiyar gadonta. Shago ɗaya a kasuwa da ka tsayar da hayarsa ga makaranta zai yi ta aiki kana cikin kabari.

Ku 'yan kwamitin masallaci. Ku yi lissafi. In mutum 200 suka ba da dala 20 kowace Juma'a, jikka 20 ke nan a mako, jikka 80 a wata. Ku ƙidaya marayun unguwarku gida gida, ku rubuta sunayensu, ku fara da 5. Ku karanta wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita kowane wata, domin rashin amana ne ya kashe mana ayyuka da yawa. Waɗancan suna da rajista da bita da mai bincike. Tsari ba addinin kowa ba ne, mu koya daga gare su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ke uwa da talauci ya riga ya sa kika kai ɗanki makarantar mishan. Ban kafirta ki ba, kuma kar ki bari wani ya kafirta ki. Amma ki tsare abu uku. Ya riƙa kwana a gida, kar ki yarda da makarantar kwana yana ƙarami. Ya yi sallolinsa a gabanki, ya je allo ko islamiyya kowace rana. Ki riƙa tambayarsa abin da aka koya masa, abin da ya shige miki duhu ki kawo wa malami. Ranar da aka samu makarantar Musulmi da za ta karɓe shi, ki mayar da shi. Ki kuma gode wa waɗanda suka taimake ki, domin Musulmi ba ya butulce wa alheri ko daga wa ya zo.

Matar nan kuwa, na tashi bayan sallar isha'i na faɗa wa jama'a labarinta ba tare da na ambaci sunanta ba. Mutum 3 suka ɗauki nauyin yaron a wata madarsa mai haɗa Larabci da Faransanci, wata dattijuwa maƙwabciyar makarantar ta ce abincin ranarsa yana gidanta. Alhamdulillahi. Amma yana da 'yan'uwa 4 a gida. Kuma a unguwarku akwai wata irinta wadda kunya ta hana ta zuwa ƙofar masallaci, ko ta riga ta san ba mu da amsa.

Kafin ka tura wannan saƙo, ka tambayi kanka sunan maraya ɗaya a layinku, da ajin da yake, da abin da ya ci jiya da dare. In ba ka sani ba, ka ajiye salular ka fita ka bincika.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma daga ni ne da shaiɗan, ina neman gafarar Allah. Ya Allah Ka tsare mana imanin 'ya'yanmu, Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu, Ka yalwata wa masu riƙon marayu, Ka zaunar da ƙasarmu lafiya tsakaninmu da maƙwabtanmu. Gobe in Allah Ya kai mu za mu ci gaba da ƙabli da ba'adi daga inda muka tsaya.

Wassalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.